Haƙƙin Mai Ciwon Karkarwa a Kan Jama'ar Masallaci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci lafiya da ciwo, Ya sanya su jarrabawa ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ciwo ne wanda da yawanmu mun taɓa ganin mai shi, amma kaɗan ne suka san sunansa, balle su san abin da ya hau kansu game da shi. Za ka ga dattijo yana zaune a sahu, hannunsa ɗaya a kan gwiwa yana rawa shi kaɗai, babban yatsa yana murza manuni kamar mai jan carbi alhali babu carbi a hannun. In ya tashi tafiya sai ya duƙa gaba, yana jan ƙafa da ƙananan taku. Fuskarsa ta daskare, ba ka gane farin cikinsa ko ɓacin ransa, muryarsa kuma ta yi ƙasa har sai ka kai kunne. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce sammu aka yi masa, wasu su ce iska ce ta taɓa shi. Mafi muni su ne masu cewa rantsuwar ƙarya ce ta kama shi, ko haƙƙin wani da ya ci. Likitoci suna kiran wannan ciwo da sunan Parkinson, mu kuwa za mu kira shi ciwon karkarwa, ko da yake, kamar yadda za mu gani, karkarwar ita ce mafi sauƙin abin da ke cikinsa.

Asalin ciwon

Sunan ya samo asali ne daga wani likitan birnin Landan, James Parkinson, wanda a 1817 ya rubuta bayanin mutum shida da ya lura da su. Bayan shekaru masu yawa wani babban likitan Faransa mai suna Charcot ya ƙara bincike a kai, ya raɗa wa ciwon sunan wancan likita. Abin da masana suka gano daga baya shi ne, a can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gurbi baƙi, wanda ƙwayoyinsa ke samar da sinadarin da ake kira dofamin. Wannan sinadari shi ne, da ikon Allah, ke sa motsin jiki ya fita a saukake, mutum ya miƙa hannu ya ɗauki buta ba tare da ya yi tunanin yadda zai yi ba. A jikin mai wannan ciwo ƙwayoyin suna mutuwa sannu a hankali, kuma alamu ba su bayyana sai rabinsu ko fiye sun riga sun tafi. Don haka ne ciwon ke ƙaruwa shekara bayan shekara, ba ya komawa baya.

Yawanci yana farawa ne daga ɓangare ɗaya na jiki, kuma ya fi kama wanda ya haura shekara 60, maza fiye da mata, amma akwai waɗanda yake kamawa kafin su kai 50. Babbar alamarsa ita ce nawa, wato jinkirin motsi, sai sandarewar gaɓɓai, sai rashin daidaito wanda ke kai ga faɗuwa. Akwai masu ciwon da ba su karkarwa ko kaɗan. Haka kuma ba duk mai rawar hannu ne ke da shi ba, domin akwai wata rawar hannu ta daban wadda ke tashi in mutum ya ɗauki kofi ko alƙalami, ta lafa in ya ajiye hannunsa, kuma wasu magunguna irin su Haldol da Largactil da Primpéran suna iya jawo alamu masu kama da nasa. Likita ne ke rarrabewa. Akwai kuma ɓoyayyun wahalhalu da mai kallo daga nesa ba ya gani: taurin ciki na kwanaki, rashin jin ƙanshi, ihu da naushi cikin barci, jiri in ya miƙe tsaye, dalalar miyau, ƙwarewa wajen haɗiya, da baƙin ciki mai nauyi wanda shi ma daga ciwon yake. Can gaba wasu sukan yi gane-gane, wasu tunaninsu ya raunana.

Ciwon ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare, ko musafaha, ko shan ruwa a moɗa ɗaya. Kaɗan daga cikin masu shi ne suka gaje shi. An kuma tabbatar da cewa yawan cuɗanya da wasu magungunan feshi na gona yana ƙara haɗarin kamuwa, wanda wannan tanbihi ne ga manomanmu da masu lambu da ke feshi ba safar hannu, ba abin rufe hanci, su kuma mai da galan ɗin maganin na ɗiban ruwan sha.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da ciwon a duniya, kuma ya yi sanadin mutuwar mutum 329,000 a wannan shekara. Adadin masu shi ya ninka cikin shekara 25. An daɗe ana zaton ciwon Turawa ne, amma a 2018 likitocin babban asibitin ƙasa na Yamai sun wallafa rahoto kan masu shi da suka duba, kuma a 2023 wani bincike da aka yi galibi a kan 'yan Nijeriya ya gano wani nau'in gado da ke ƙara haɗarinsa ga mutanen Afirka ta Yamma. Abin da ya sa muke ganin kamar ba shi da yawa a cikinmu shi ne ƙarancin masu gane shi. Ƙididdigar Hukumar ta 2017 ta nuna cewa a ƙasashe matalauta likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kimanin 3 ne ga mutum miliyan 10, alhali a ƙasashe masu arziki sun kai 475.

Abin da magani ke yi

Har yau Allah bai buɗa wa likitoci maganin da ke warkar da wannan ciwo ba. Amma akwai mai sassauta shi sassauci babba. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya gano aikin dofamin a ƙwaƙwalwa a ƙarshen shekarun 1950, kuma daga 1967 aka gane yadda za a riƙa ba majinyata ƙwayar lebodofa, wadda ƙwaƙwalwa ke juyawa ta zama dofamin. A farmasi ana samunta da sunaye irin su Modopar da Sinemet. Mutumin da ya kasa ɗaura wa kansa tazuge, in ya samu wannan magani daidai, sau da yawa yakan koma yana cin abinci da hannunsa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, wani ma ya koma kasuwarsa, tsawon shekaru.

A nan ne darasinmu yake da nauyi, don haka a saurara da kyau. Wannan magani ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a gama. Ana shan sa kullum, sau uku ko huɗu ko fiye a yini, a kan lokaci, har ƙarshen rayuwa. Ƙarfinsa awoyi kaɗan ne, in ya sake sai jiki ya koma ya ɗaure. Yanke shi farat ɗaya kuwa haɗari ne, domin yana iya jawo zazzaɓi mai zafi da sandarewar jiki da gushewar hankali, har ya kai ga ajali. Saboda haka wanda ya saya wa majinyaci kwali ɗaya ranar salla, ya tafi yana jin ya sauke nauyi, alheri ya yi, Allah Ya ba shi lada, amma ya sani ya ɗaga mutum ne ya sake shi a tsakiyar hanya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma da wuya a samu inda ma'anar wannan hadisi ta fito fili kamar a nan.

Wasu sukan ce a jinkirta fara maganin don kada jiki ya saba da shi. Binciken da likitocin Italiya da na Gana suka wallafa a 2014, a kan majinyatan Gana da suka daɗe ba su samu magani ba, ya nuna cewa jinkirin ba ya hana matsalolin da ake tsoro, shekarun lafiya kawai yake cinye wa mutum. Akwai kuma maganar ƙarara, wannan tsiro mai ƙaiƙayi da muka sani a daji. Gaskiya ne 'ya'yanta suna ɗauke da lebodofa, kuma likitoci a Gana sun yi aiki a kan garinta saboda marasa hali. Amma ƙarfinta ya bambanta daga iri zuwa iri, kuma a 1989, lokacin yunwa a ƙasar Mozambik, mutane da yawa sun ruɗe saboda cin ta ba a sarrafa da kyau ba. Kada kowa ya daka ta ya ba tsohonsa sai da awon likita. Haka nan a guji maganin da ake talla a tire cikin rana, musamman ƙwayar Artane, wadda ko da tana rage karkarwa, takan rikita tunanin tsofaffi.

Harshe kafin aljihu

Taimako na farko bai buƙatar ko dala. Shi ne mu kame harsunanmu. Duk wanda ya ce wane sammu ya kama shi, to ya tuhumi wani Musulmi da sihiri ba da hujja ba, kuma sau nawa aka raba zumunci, aka ƙulla gaba tsakanin kishiyoyi da 'yan uba, a kan ciwon da asalinsa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne. Wanda kuma ya ce alhakin wani ne ke bin sa, ya shiga gaibun da Allah bai sanar da shi ba. Annabi Ayuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi jinya mai tsawo, kuma ba zunubi ne ya jawo masa ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabobi, don haka mahaifin da ya ga ɗansa yana kwaikwayon tafiyar maƙwabcinsa majinyaci, ya yi dariya, shi ma yana da kaso a cikin laifin.

Addu'a da ruƙiyya ta shari'a alheri ne, muna kwaɗaitar da su. Amma wanda ya koya mana addu'a shi ne ya umurce mu da neman magani. Abin takaici ne a ga an sayar da rago, an jinginar da gona, an kai kuɗin wurin boka ko ɗan tsibbu, har a zo gidan likita bayan shekaru aljihu ya bushe.

Malaman tafsiri sun ambata, a ƙarƙashin aya ta 61 a Suratun Nur, cewa makafi da guragu da marasa lafiya sun kasance suna jin nauyin cin abinci tare da masu lafiya don kada a ƙyamace su, sai Allah Ya ɗauke wannan ƙunci. Mu dubi mai ciwon karkarwa da wannan ido. Hannunsa na zubar da miya, miyau na zuba, lomarsa ɗaya tana ɗaukar lokacin loma biyar ta waninsa. Da kansa yakan janye daga akushin jama'a, daga nan ya janye daga majalisa, daga nan ya daina fitowa zaure. Wanda ya ɗauki tuwonsa ya je ya zauna kusa da shi suka ci tare, bai nuna gaggawa ba, ya yi sadakar da mai kuɗi bai isa ya saya ba.

Zakka da nafaƙa

Nauyi na farko yana kan 'ya'ya. A mazhabarmu ta Imamu Malik, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace, kuma ba ya halatta ya lissafa abin da ya kashe musu a cikin zakkarsa, domin zakka ba ta zuwa ga wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka. Amma wa da ƙane da kawu da baffa da gwaggo, in matalauta ne, ana ba su, kuma mai bayarwa yana da ladan sadaka da na zumunci.

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka. Ciwo shi kaɗai ba ya cikinsu, attajiri majinyaci ba a ba shi. Sai dai wannan ciwo yana mai da mai rufin asiri faƙiri ta fuska biyu a lokaci guda: ya hana shi sana'a, ya kuma ɗora masa kuɗin magani na kowane wata. Tela ya kasa zura zare, maƙeri ya kasa riƙe masaba, malamin makaranta rubutunsa ya ƙanƙance har ba ya karantuwa. Irin wannan yana iya kasancewa da gidansa na kansa da rigarsa mai kyau ta zuwa Juma'a, amma ya shiga sahun faƙirai, kuma in ya ci bashi don jinya ya shiga sahun masu bashi. Malamanmu sun halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara guda, ko da ya haura nisabi. A ganinmu, attajirin da ya ware zakkarsa ya ɗauke wa gida ɗaya ko biyu maganin shekara ya fi kusa da manufar shari'a a kan wanda ya canza ta ƙananan kuɗi ya tara jama'a a ƙofar gidansa suna turereniya, kowa ya tafi da abin da bai kai cefanen yini ba.

Akwai wata mas'ala da ya kamata a kiyaye. Zakka haƙƙin faƙiri ce, mallaka masa ake yi, kuma malamai sun yi saɓani a kan a sayi kaya da ita a ba shi maimakon kuɗin. Mafita mai sauƙi ita ce a danƙa masa kuɗin, ko shi da bakinsa ya wakilta wani amintacce ya karɓa ya riƙa saya masa magani. Manomi kuma da amfaninsa ya kai nisabi, in zai fitar da ushira ta gero ko dawa ko wake, ya tuna da gidan da maigidansa bai iya riƙe hauya bana ba. Maƙwabcin da ba Musulmi ba ba a ba shi zakka da sunan talauci, amma ƙofar sadaka a buɗe take gare shi, kuma haƙƙin maƙwabtaka yana nan.

Asusun masallaci

Musulmin farko ba su bar irin wannan ga tausayin mai wucewa ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdul Malik ya sanya wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai yi masa hidima, daga baitulmali. A 1284 Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira, ya tsayar masa da waƙafi, ana jinyar mai kuɗi da talaka kyauta. A wannan zamani kuwa wasu al'ummu sun riƙe wannan hanya. A Ingila wata mata mai suna Mali Jenkins ta kafa ƙungiyar taimakon masu wannan ciwo a 1969, saboda 'yar'uwarta da ta kamu ba ta samu inda za ta nemi ko bayani ba. Ɗan damben nan Musulmi, Muhammad Ali, an gano ciwon a jikinsa a 1984, duniya ta gan shi a 1996 yana kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta hannunsa na rawa bai ɓoye ba, aka buɗe cibiyar jinya da sunansa a birnin Finiks na Amurka a 1997, ya rayu da ciwon shekara 32 kafin rasuwarsa a 2016.

Ba mu da baitulmalin Walidu, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masallacin da mutum 100 za su ɗauki alkawarin dala 20 kowace Juma'a ya tara jika 10 a mako, jika 40 a wata, ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba. Sharaɗin shi ne a raba wannan asusu da na tabarmi da lasifika, a kuma raba kuɗin zakka da na sadaka, a sa amintattu biyu ko uku a kai, a riƙa karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita. Adadi za a karanta, ban da sunaye. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma tsayar da dattijo gaban sahu bayan sallama ana nuna rawar hannunsa don a tara masa kuɗi cutarwa ce, ko da niyyar mai yi kyakkyawa ce.

Farkon abin da asusun zai ɗauka shi ne kuɗin mota da masauki zuwa wurin likitan da zai tabbatar da ciwon, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, tare da ɗan rakiya mai iya riƙe bayani. Sai magani, kuma kada kwamiti ya ɗauki majinyaci biyar in ƙarfinsa na biyu ne. A riƙa saye tun saura na mako biyu, domin maganin yakan yanke a farmasi, wani lokaci sai an aika wani gari. Sauran buƙatu aikin gayya ne: magini ya ɗaga masa mazauni a makewayi don tsuguno ya gagare shi, mai walda ya kafa masa ƙarfen dafawa, samari su nome masa gona.

Sallarsa da azuminsa

Da yawa daga cikin majinyatan nan abin da ya fi ci musu rai shi ne tsoron ko sallarsu ba ta karɓuwa. A kwantar musu da hankali. Motsin da ba da zaɓin mutum ba ba ya ɓata salla, kuma miyau mai tsarki ne. Littafin Ahalari, wanda yaranmu ke karantawa a zaure, ya jera halaye bakwai na mai sallar farilla: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, waɗannan huɗu bin jerinsu wajibi ne, sannan kwanciya a gefen dama, ko hagu, ko rigingine. Wanda ruku'u da sujada suka gagare shi sai ya yi nuni. Ya halatta wani ya zuba masa ruwan alwala ko ya wanke masa gaɓɓai, in kuma amfani da ruwa ya gagara ko zai cutar da shi sai ya yi taimama. Da yake jikinsa yakan saki bayan shan magani ya ɗaure in ƙarfin maganin ya ƙare, babu laifi ya jira sa'ar sakin ya yi salla, muddin lokacinta bai fita ba.

Liman ya tuna da umurnin da aka yi masa na sassautawa saboda mai rauni da mara lafiya da ke bayansa. A ajiye kujera a gefen sahu kusa da bango. A kuma san wani abu da ke ba mutane mamaki: mai wannan ciwo yakan zo dokin ƙofa, ko cikin cunkoson masu neman takalma, sai ƙafafunsa su kafe kamar an manna su da ƙasa. Kada a ja hannunsa, faɗuwa zai yi. A ba shi fili, a ƙirga masa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ko a sa masa sanda a kwance a gabansa a ce ya tsallaka, sau da yawa sai ka ga tafiyar ta dawo. In kuwa limamin ne da kansa ciwon ya kai shi ga kasa tsayuwa, a mazhabarmu mai iya tsayuwa ba ya bin mai zama a farilla, sai a naɗa na'ibi, amma a bar masa girmansa da karatunsa da shawararsa.

Game da azumi, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Wanda ke shan magani kowane awa huɗu, ga zafin bazara, ga jirin da ƙishirwa ke ƙarawa, likita ne zai faɗa masa ko zai iya. In an hana shi, kada iyali su sa shi jin kunya. Tunda ciwo ne da ba a sa ran warkewarsa, babu ramuwa a kansa, kuma malamanmu sun so ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana in yana da hali. Masu kai masa abinci su sani cewa nama da wake da nono suna rage shigar maganin jiki in an haɗa su lokaci guda, don haka a ba shi ƙwayar kamar rabin awa kafin cin abinci. A yawaita masa ruwa da zogale da miyar kuɓewa saboda taurin ciki, a zaunar da shi sosai in zai ci, kuma in yana ƙwarewa da ruwa, kunu mai kauri ya fi masa sauƙin haɗiya. Abincin da ya kauce ya shiga huhu yana daga cikin abin da ya fi kashe masu wannan ciwo. Tafiya ta kullum da motsa gaɓɓai magani ne na biyu, don haka wanda ke hana shi tashi don tausayi ba gata yake yi masa ba.

Mai jinya

A mafi yawan gidaje nauyin yana kan mace ɗaya, mata ko 'ya, wadda ke juya shi cikin dare sau uku ko huɗu, ta wanke, ta ciyar, ta bar sana'arta da bikin danginta, shekara biyar, shekara goma. Masu zuwa dubiya sukan gaida maigida su fita ba wanda ya ce mata sannu. Shari'a ta san nauyin jinya, har malamanmu suka lissafa jinyar makusanci a cikin uzurorin da ke sauke wa namiji Juma'a. Mata masu zuwa makarantar Islamiyya su tsara karɓa-karɓa, wata ta zauna mata yini ɗaya a mako ta samu barci ko ta je ganin iyayenta. In yarinya aka cire daga makaranta saboda jinyar kakanta, wannan abin da kwamiti zai zauna a kansa ne. In kuma matar ce ke da ciwon, miji ya ji tsoron Allah, kada ya mai da ita gidansu ranar da hannunta ya kasa tuƙa tuwo.

Masu dubiya su taƙaita zama, su tambayi iyali sa'ar da jikinsa ya fi saki su zo a lokacin. In ka yi masa magana ka jira amsa, kada ka ƙarasa masa zance, kada kuma ka juya ka tambayi ɗansa yadda ya kwana alhali ga shi zaune yana jin ka. Daskarewar fuska da nauyin baki ba gushewar hankali ba ne. Mafi yawansu, tsawon shekaru, suna sane da duk abin da ake faɗa a kansu. Dukiyarsa tasa ce, gonarsa tasa ce, ba a sayarwa ba a rabawa sai da yardarsa, kuma waliccin auren 'yarsa yana hannunsa. In ciwon ya kai ga taɓa hankalinsa, alƙali ne ke tsayar masa da mai kula da dukiya bayan shaidar likita, 'ya'ya ba su yanke wannan hukunci a tsakaninsu.